Wa Zai Fara Rage Fitila?

Akwai wani direba a Birnin Kudu ana kiransa Abdulsalami, a shekarun nan da kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasa, ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba. Wata tsohuwar Fijo yake ja mai cin mutum bakwai, kullum yana kan babbar hanya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya mota. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da sitiyari bai taɓa take ko ɗan tsako ba, kuma rabin direbobin tashar shi ya koya musu tuƙi. Sai dai bawan Allahn nan akwai son girma. In ka gaishe shi ba ka rusuna sosai ba, da abin zai kwana a ransa.

Son girman nan har kan fitilar mota ya bi shi. Kowa ya sani, in motoci biyu suka fuskanci juna cikin duhu, kowane direba yakan rage babbar fitilarsa don kada ya kashe wa ɗan'uwansa ido. Shi kuwa Abdulsalami, a wurinsa rage fitila gaisuwa ce, gaisuwa kuma ƙarami ne ke fara ta. Sai ka rage masa, sannan ya rage maka.

A da abin bai dami kowa ba. Motocin hanyar ba su da yawa, direbobin kuma duk yaransa ne ko yaran yaransa. Da sun hango shi sai su rage tun daga nesa, shi kuma ya amsa a tsanake, yana gyara zaman hula.

Amma ba wannan ne babban abin alfaharinsa ba. Babban abin shi ne kujerar gaba ranar Alhamis.

A Zandam, can ƙasar Gwaram, akwai wani malami mai suna Malam Haladu, mai makaranta, wanda ake jin maganarsa a duk yankin. Idonsa ɗaya ne, ɗayan ƙyanda ta tafi da shi tun yana ƙarami. Duk Alhamis, ranar da babu karatu a makarantarsa, yakan tafi Birnin Kudu ɗaukar karatu wurin wani tsohon malami, ya dawo bayan isha'i. Shekara goma sha ɗaya Abdulsalami ne ke zuwa har ƙofar gida ya ɗauke shi, ya kuma mayar da shi.

Ranar Alhamis ba a taɓa kujerar nan. Abdulsalami da hannunsa yake goge ta, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Mutane har suka daina cewa motar Abdulsalami, suka koma cewa motar Malam. In mace za ta kai jariri asibiti, ita take jira, wai tana da albarka. Shi kuwa gogan, ba ya zaman minti goma a teburin shayi bai sako zancen ba.

“Malam fa ba ya shiga motar kowa,” yakan ce. “Ko da hannu ɗaya nake tuƙi, ni zai nema.”

Sai abu biyu suka canza a shekara guda.

Na farko, hanya ta cika. Tankokin mai da manyan motocin siminti suka yi ta ratsowa daga Kano suna wucewa gabas, direbobinsu baƙi, ba su san wani Abdulsalami ba, balle su san yana jiran gaisuwa. Na biyu, yanar ido ta rufe idon Malam guda ɗayan, aka kai shi Kano aka yi masa aiki. Aikin ya yi kyau. Ranar da ya buɗe littafi ya ga baƙaƙen rubutu tar, sai da ya yi hawaye. Sai dai likita ya ce idon ɗanye ne, a kiyaye shi daga bugu da haske mai ƙarfi.

Alhamis ɗin farko da Malam ya koma karatu, suna dawowa da dare sai ga wata tanka da fitilunta a buɗe. Abdulsalami ya jira ta rage. Mai tanka ya jira Fijo ta rage. Haske ya cika motar fal, Malam ya sa hannun riga ya kare fuskarsa.

“Abdulsalami, a rage masa mana,” in ji Malam a hankali.

“Allah ya gafarta Malam, ai shi ya kamata ya fara. Ina tuƙi a hanyar nan tun bai san hanyar makaranta ba.”

Malam ya ci gaba da kare idonsa. Kafin su kai Gwaram sun yi irin wannan da mota shida. Mako na biyu Malam ya sake roƙo, aka sake ba shi amsa irin ta farko, da ladabi da komai. Malam mutum ne mai kunya, ba ya faɗin abu sau uku.

To a tashar akwai wani direba, Balarabe, wanda Abdulsalami ya koya wa mota tun daga riƙe sitiyari. Yanzu ya zama magidanci mai 'ya'ya uku, amma har gobe Maigida yake kiransa. A wannan shekarar wani Alhaji na Gwaram ya sayi sabuwar Fijo fara, ledar kujerunta ma ba a cire ba, ya damƙa wa Balarabe. Abdulsalami ya zagaya motar ya ce Allah ya sa alheri, amma a ciki ya ji wani abu ya ɗan soke shi.

Alhamis ta huɗu ya isa ƙofar gidan Malam da sassafe, farin ƙyalle a shimfiɗe. Ƙanin Malam ya fito ya gaishe shi yana sunkuyar da kai.

“Ai Malam ya wuce tare da Balarabe. Ya ce a yi maka godiya ƙwarai, ya ce ka huta haka nan.”

Ka huta! Abdulsalami ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya ce madalla, ya juya mota. Har ya isa Birnin Kudu bai san da wa da wa ya ɗauka a hanya ba.

Da yamma Balarabe ya same shi a tasha, ya tsuguna har ƙasa.

“Maigida, wallahi ba ni na nema ba. Shi ya aiko, na ce sai na gaya maka, ya ce zai yi maka bayani da kansa.”

“Wane bayani kuma? Tashi, tashi, kada ka ɓata wandonka. Ai yanzu kai ne direban malamai. Mu sai kajin kasuwa da buhunan gero.”

“Haba Maigida...”

“Na ce ka tashi.”

Daga ranar kishi ya kama Abdulsalami, kishi mai cin rai. Duk Alhamis sai ya sami dalilin tsayawa inda zai ga farar motar ta wuce, rawanin Malam a kujerar gaba. In ya gani ransa ya ɓaci, in bai gani ba ya kasa zama. Ya fara ƙirga laifin Balarabe: yana taka burki kamar mai tsoron ƙasa, yana canza giya kamar mai roƙo. Da ya ji wata mata ta nuna farar motar ta ce wa ƙawarta, “Ga motar Malam can,” ranar ko tuwon dare bai ci ba. Sau biyu Malam yana aikowa a kira shi, ya ce a ce ba ya nan.

Matarsa Batulu ta gaji da tsaki da juye-juye a kan gado.

“Baban Kubra, mutumin nan ya aiko har sau biyu. Ka je ka ji dalili mana. Me zai ragu a jikinka?”

“In je in ji me? In je a ce mini motata ta tsufa? Na sani. Ni ma na tsufa. Yaron da na koya wa riƙe sitiyari, yau shi ake yi wa addu'a a kunne.”

“Addu'ar Malam ai ba ƙarewa take yi ba, ta ishe ku ku biyu.”

“Ke dai kawo ruwa.”

Wata safiya a teburin shayi, Sada mai shayi, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce, “Jiya fa na ji ana tambayar Malam me ya raba shi da motarka. Ya ce ba komai, maganar fitila ce kawai.”

Abdulsalami ya ajiye kofi. Fitila! Ashe nan gizo yake saƙa a ransa ba tun yau ba: fitilun sabuwar motar farare ne masu dogon zango, nasa kuwa sun yi ja-ja saboda tsufa. Wato tun da idon Malam ya buɗe, yana so ya riƙa ganin hanya sosai. Haka ya fassara wa kansa, bai tambayi kowa ba. Roƙon nan da Malam ya yi masa sau biyu ko faɗo masa a rai bai yi ba.

Ranar Laraba ya tafi Kano shi kaɗai. Ya sayi fitilu biyu manya, irin na manyan motoci, ya sa mai wayarin ya ɗaura su a kan bamba. Mai wayarin ya ce, “Alhaji, waɗannan na daji ne fa. In ka hango mota ka kashe su, suna makanta mutum.”

“Tun ba a haife ka ba nake tuƙi,” in ji Abdulsalami.

Ya dawo gida ya lulluɓe gaban motar da buhu don kada kowa ya riga Malam gani.

Washegari Alhamis, lokacin kaka ne, ana ta kwasar gyaɗa. Ya kai fasinja Gwaram da la'asar, ya ƙi ɗaukar na komawa. Ya yi magariba da isha'i a can, sannan ya cire buhun ya kama hanyar Birnin Kudu shi kaɗai. Ya san daidai lokacin da Balarabe ke tasowa da Malam. So yake su haɗu fuska da fuska, Malam ya ga wanda yake da fitila.

Ya yi nisa sai ya ga wata babbar mota ta lalace a ɗaya hannun, maƙare da buhunan gyaɗa, rabinta a kan kwalta. Ba fitila ko ɗaya a jikinta, sai ɗan ganye da aka yayyafa a bayanta. Ya gan ta sarai, har ya yi tsaki ya ce wasu direbobi ba su da hankali. Yana wuce ta sai ya hango fararen fitilu biyu suna tahowa. Ya san su kamar yadda ya san tafin hannunsa.

Tun daga nesa Balarabe ya rage nasa. Ga gaisuwa an fara, yadda Abdulsalami yake so. Amma yau ba gaisuwa ya fito nema ba. Ya kai hannu ya kunna sababbin, huɗun suka tashi gaba ɗaya, hanya ta koma kamar rana tsaka.

Balarabe ya ƙyafta fitila sau ɗaya. Ya sake. Ya sake na uku, yana rage gudu. Roƙo yake yi, kowane direba ya san wannan yaren. Abdulsalami ya ga rawanin Malam, ya ga hannun riga ya tashi ya rufe fuska, kuma gaskiyar magana, daɗi ya ji a ransa. Suka gifta juna.

Sai a lokacin ya tuna da motar gyaɗa.

Ƙarar burki ya fara ji, sannan ƙarar ƙarfe. Ya taka nasa burkin har sai da motar ta juya. Da ya iso, gaban farar Fijo ya shige ƙarƙashin babbar motar. Balarabe ya fito da jini a goshi yana salati. Gudun ba shi da yawa, ba wanda ya mutu. Amma Malam ya bugu da fuskarsa a gaban mota, hannunsa na dafe da idon da aka yi wa aiki.

“Maigida! Allah ne ya kawo ka!” in ji Balarabe. “Wani marar imani ne mai fitila huɗu ya rufe mini ido. Na roƙe shi, na roƙe shi, wallahi ban ga komai ba sai da na zo kanta. Kama mini Malam.”

Suka ɗauko Malam suka nufi tsohuwar Fijo. Fitilun nan huɗu suna nan a kunne, Abdulsalami ya manta bai kashe ba. Balarabe ya tsaya cak. Ya dubi bamba, ya dubi maigidansa. Nan take ya gane. Ya shiga baya ya ɗora kan Malam a cinyarsa, har suka isa asibitin Birnin Kudu.

Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, washegari aka wuce da Malam Kano. Bayan mako uku aka dawo da shi Zandam, ana riƙe da hannunsa. Idon ya tafi.

Da aka tambayi Balarabe, cewa ya yi haske ne ya kashe masa ido, bai ga lambar motar ba. Bai ambaci sunan kowa ba, ko ga matarsa. Mutanen tasha suka yi ta yabon Abdulsalami da ya kai Malam asibiti a kan lokaci, kowane yabo kuma kamar ana zuba masa garwashi. Tun daren ya kwance fitilun ya jefa a tsohuwar rijiya, amma barci bai dawo ba. A ƙarshe ya gaya wa Batulu komai. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ɗauko masa hularsa.

“Wannan karon ba aikowa za a yi ba, Baban Kubra. Tashi ka je.”

Ya tarar da Malam a zaure shi kaɗai, a kan buzu, littafi a rufe a gefensa. Ya yi sallama ya durƙusa.

“Allah ya gafarta Malam, motar nan mai fitila huɗu...”

“Na sani, Abdulsalami. Shekara goma sha ɗaya ina cikin motar nan. Ko ba ido na san kukan injinta.”

Abdulsalami ya kifa goshinsa a ƙasa ya fashe da kuka, babban mutum da furfura.

Malam ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, “Ba zan ɓoye maka ba, tun daren nan nake jin zafinka a raina. Littafin nan saura warƙa arba'in in sauke shi da idona. Na yi ta roƙon Allah ya cire mini zafin, jiya na ji ya sauka. Na yafe maka. Balarabe kuma sai ka je ka nema a wurinsa, nasa daban ne.”

“Malam, ni so na yi ka ga ina da fitila. An ce ka ce saboda fitila ka bar ni.”

Malam ya girgiza kai.

“Saboda fitila ne, amma ba don taka ta gaza ba. Kai ba ka fara ragewa, su ma sai su ƙi rage maka, hasken duk a idona yake ƙarewa. In na sauka a motarka kwana nake ido na zuba ruwa. Balarabe kuwa tun daga nesa yake ragewa, kowa sai ya rage masa, in iso gida lafiya. Abin da na aika sau biyu in gaya maka ke nan.”

Abdulsalami ya rasa inda zai sa kansa. Ya yunƙura zai tashi, Malam ya lalubo hannunsa ya riƙe.

“Motar Balarabe tana gareji, ni kuma kunnena yana nan, karatu bai ƙare ba. Alhamis ka zo ka ɗauke ni. Yanzu ai haske ba ya damuna.”

Ranar Alhamis ya zo. Ya goge kujerar gaba, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kama hannun Malam ya zaunar da shi. A tasha mutane suka ce madalla, Malam ya koma motarsa ta asali. Abdulsalami ya sunkuyar da kai ya tayar da mota.

Da suka taso bayan isha'i, ba su yi nisa ba sai ga tanka. Tun tana can nesa ƙwarai Abdulsalami ya rage fitilarsa. Nan take mai tanka ya rage tasa, suka wuce juna lafiya. Abdulsalami ya juya da sauri ya dubi Malam, kamar zai ce ka gani?

Malam na zaune yana jan carbi, fuskarsa na kallon gaba. Bai san an rage ba.

Darasi: In ka hango mota tana tahowa cikin duhu, ka rage fitilarka tun daga nesa, kada ka jira wani ya fara. Wanda ka kashe wa ido ba ya ganin abin da ke gabansa, kuma ba ka san wa ya ɗauko ba. In kuma kishi ya fara fassara maka maganar mutum, ka taka ka je ka tambaye shi da bakinka tun kafin ka yi abin da ba ya gyaruwa. Ku tura wa direbobin gidanku da duk wanda kuka san yana kama hanya bayan magariba.